Noma ba huɗa: abin da shekaru suka nuna, da yadda zai zauna a gonakin Kebbi

Tun da kuɗin hayar tarakta ya yi tashin gwauron zabi, ladan 'yan ƙwadago ya bi sahu, ga satar shanu da ta raba gidaje da yawa da shanun huɗarsu, manoma a sassan Kebbi sun kama wata hanya mai sauƙi: a bar ciyawa ta fito bayan ruwan farko, a feshe ta, in ta mutu a shuka. A daidai wannan lokaci kuma ana ta jin masana a rediyo da tarukan farfaɗo da ƙasa suna cewa yawan huɗa ne ke gajiyar da gona, har akwai manoma a wasu ƙasashe da garma ta yi shekaru ba ta shiga gonarsu ba. Dattawan da suka tashi da garma a hannu kuwa cewa suke yi dawar da ba a yi wa kunya ba, ba za ta cika rumbu ba.

Kowane ɓangare yana da abin da ya gani da idonsa. Ruɗanin ya zo ne daga wuri biyu: ana kiran ayyuka daban-daban da suna ɗaya, sannan ana gwada sakamakon damina ɗaya da na shekara 20.

## Me ake nufi da noma ba huɗa?

Huɗa dai sananniya ce: a juya ƙasa da garmar hannu, ta shanu ko ta tarakta, a binne ciyawa da taki, a tayar da kunya. Noma ba huɗa shi ne a bar ƙasa yadda take, a buɗe ɗan rami ko siririyar tsaga daidai inda iri da taki za su shiga, sauran gonar ba a taɓa ta, bana da baɗi da shekarun da ke biye.

Sai dai hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ba ta ɗauki barin huɗa shi kaɗai a matsayin cikakken tsari ba. Tsarin da take yaɗawa, na noman adana ƙasa, sharaɗi uku gare shi. A rage taɓa ƙasa. A rufe fuskarta da kara, ganye ko wani tsiro, rufin da bai gaza kashi 30 cikin 100 na gonar ba. A riƙa sauya amfanin da ake shukawa ko a haɗa shi, aƙalla iri uku, har da masu ƙara wa ƙasa ƙarfi irin wake, gyaɗa da waken suya.

Idan aka duba da kyau, manomin gero a ƙananan hukumomin Arewa, Augie ko Dandi ya gaji sharaɗin farko tun kaka da kakanni. Shara yake yi, ya yi toyi, ya ɗauki sungumi ya sara, a jefa iri a take da diddige. Wani ma binne yake yi tun ruwa bai sauka ba. Garma ba ta shiga, amma gonarsa tana gajiya shekara bayan shekara. Dalili shi ne lokacin da bazara ta yi, gonar tsirara take: an kwashe kara, dabbobi sun cinye saura, abin da ya rage an ƙone. Haka ma wanda ke feshi ya shuka masara kan masara a gona fayau. Dukansu sun bar huɗa, amma ba su ne masana ke nufi ba in suna yabon tsarin.

## Inda abin ya faro

A shekarun 1930 fari ya haɗu da iska a tsakiyar Amurka, ƙasar da aka yi ta huɗawa ta tashi sama ta zama ƙura, dubban iyalai suka bar gonakinsu. Daga nan aka fara tuhumar garma. Abin da ya hana a ajiye ta nan take shi ne ciyawa, domin babban aikin huɗa kashe ciyawa ne. Sai da magungunan feshi suka fito, farakwat mai sunan kasuwa Gramoxone a 1962 da gilayifoset mai sunan Roundup a 1974, sannan hanya ta buɗe. Wani manomi a jihar Kentucky, Harry Young, ya shuka masara ba huɗa a 1962. A kudancin Birazil kuma Herbert Bartz ya fara a 1972, saboda ruwa mai ƙarfi na wanke masa gona.

Yau filin da ake nomawa da wannan tsari a duniya ya haura hekta miliyan 200, mafi yawansa a Amurka, Birazil, Ajantina, Kanada da Ostireliya. Manyan gonaki ne na injuna, masu na'urar shuka da ke yanka kara ta ajiye iri a ƙarƙashinsa, kuma a can karan ba shi da mai nema kamar a nan. Kason Afirka a wannan lissafi kaɗan ne.

## Abin da ke faruwa a cikin ƙasa

Abu na farko da ke canzawa shi ne yadda ruwa ke sauka. Ruwan farkon damina mai ƙarfi ne, idan ya bugi tsirarar ƙasa yana farfasa 'yan curinta, lallausar ta toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Rana na fitowa sai fuskar ta bushe ta yi ɓawo. Ruwa na gaba ba ya samun shiga, sai ya kwaranya da ƙasar sama da takin da aka zuba. Inda akwai kara a shimfiɗe, shi ne ke karɓar bugun, ruwan ya tsiyaya a hankali ya nutse. Karan yana kuma tare rana, don haka danshi ya fi daɗewa, yashi ba ya yin zafin da ke ƙona tsiro. A shekarar da ruwa ya ɗauke na mako biyu bayan shuka, wannan bambanci shi ne tsakanin yabanyar da ta tsira da wadda sai an sake shukawa.

Abu na biyu aikin ƙwarin ƙasa ne. A ƙasashe masu laima tsutsar ƙasa, wato tana, ita ce ke huda ƙasa. A namu yankin gara ce. Duk wanda ya ɗaga tarin karan da ya kwana rani a gona ya san abin da ke ƙarƙashi: gara ta lulluɓe karan da ƙasa, ta huda ramuka birjik, wurin ya fi kewayensa laushi da duhu. Waɗannan ramuka su ne hanyar ruwa da saiwa, kuma garma na shiga take rushe su. Manoma a Nijar da Burkina Faso sun daɗe suna zuba kara da rassa a kan fako don gara ta fasa shi, har ya dawo gona.

Huɗa kuwa tana ba da nata amfanin nan take, shi ya sa ake son ta. Tana sassauta ƙasa, iska ta shiga, ƙananan halittun ƙasa su hanzarta cinye ruɓaɓɓen ganye da taki, su saki abincin da shuka ke so. Shukar wannan shekara ta ji daɗi. Amma ajiyar ce ake ci, kuma ƙasar yankinmu ajiyarta ba yawa, sau da yawa ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Haron tarakta da ake yi a zurfi ɗaya kowace shekara yana niƙe ƙasar sama ta zama gari, ya danne ta ƙasa ta yi tauri, saiwa ta kasa ratsawa.

Barin huɗa ma yana da nasa wahalhalun, kuma a shekarun farko suka fi tsanani. Ƙasar da ta saba da garma takan daskare kafin ramukan gara da na tsofaffin saiwoyi su wadata. Karan dawa da na masara ba su da naitirojin sosai, wato sinadarin da takin yuriya ke bai wa shuka, saboda haka halittun da ke ruɓar da su sai su janye wanda ke cikin ƙasa, yabanya ta yi ɗorawa-ɗorawa ko da an sa takin da aka saba. Takin da ba a binne ba yana taruwa a 'yan santimitocin sama, yawan yuriya kuma yana sa wannan saman ya yi tsami. Yuriyar da aka watsa kan kara ma wani kasonta iska ke tafiya da shi. Ga tsutsar kara, wadda ke kwana rani a cikin karan gero da dawa ta jira damina. Toyi yana rage ta, barin kara yana iya ajiye ta.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa barin huɗa yana tara kabon a ƙasa, wato sinadarin da shuka ke zuƙa daga iska, ya rage ɗumamar yanayi. A 2014 David Powlson na cibiyar binciken aikin gona ta Rothamsted a Ingila da abokan aikinsa sun nuna cewa an zuzuta wannan: yawancin ƙarin kabon da ake gani a saman ƙasa yake, in aka auna har can cikin ƙasa bambancin sai ya ragu. Ga manomi dai wannan saman shi ne wanda ruwa da iri ke fara haɗuwa da shi, don haka gyaruwarsa ba ƙaramin abu ba ne.

## Amfanin gona: ƙaruwa ko raguwa?

Nazari mafi faɗi a kan wannan tambaya ya fito a mujallar Nature a 2015, ƙarƙashin jagorancin Cameron Pittelkow. An tattara bincike 610 daga ƙasashe 63 a kan amfanin gona iri 48. Jimillar sakamakon ita ce barin huɗa yana rage amfani da kashi 5.7 cikin 100. Idan aka haɗa shi da barin kara da sauya shuka, raguwar takan yi ƙasa sosai. A wurare masu ƙarancin ruwa da ke dogaro da damina kuwa, haɗa sharuɗɗan uku ya ƙara amfani da kashi 7.3 cikin 100. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne ya fi kama da tudun arewacin Kebbi.

Gwaje-gwajen da suka daɗe sun ƙara haske a kan abu biyu, irin ƙasa da tsawon lokaci. A jihar Ohio akwai filayen gwaji da Glover Triplett da David Van Doren suka kafa tun 1962, har yau ba a huɗe su ba. A ƙasar da ruwa ke tsiyayewa da sauƙi, masarar da ba a yi wa huɗa ba ta zarce wadda aka yi wa. A ƙasar laka mai riƙe ruwa kuwa ta gaza, musamman inda ake maimaita masara kan masara. A jihar Michigan wani gwajin da aka fara a 1989 ya nuna ƙaruwar amfani da danshin ƙasa, amma sai da aka haura shekara 10 kafin ribar ta tabbata ba tare da hawa da sauka ba. Wanda ya yanke hukunci bayan damina biyu ko uku, ta kowace fuska, yana iya yin kuskure.

## Inda masana suka saɓa

Saɓanin ya daɗe a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 Rattan Lal, wanda daga baya ya samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2020, ya yi gwaje-gwaje a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan. Ya nuna cewa barin huɗa tare da rufe ƙasa yana rage zaizaya ƙwarai kuma masara tana yi. A daidai wannan zamani masu bincike na Faransa a Senigal, Charreau da Nicou, suna nuna akasin haka: a ƙasar da ke daskarewa da rani, huɗa tana taimaka wa saiwa kuma tana ƙara amfani. Ibadan na da dogon damina da ganye mai yawa na rufi. Senigal na da dogon rani da ƙarancin abin rufi. Kebbi ta fi kusa da ta biyun.

A 2009 Ken Giller na jami'ar Wageningen a Holan da abokansa suka fito fili suka ƙalubalanci yadda ƙungiyoyin agaji ke tallata tsarin ga ƙananan manoman Afirka kamar maganin kowace cuta. Ba su musanta amfanin rufe ƙasa ba. Hujjarsu ita ce ƙaramin manomi ba shi da karan da zai bari, ba shi da isasshen taki, kuma in babu feshi aikin cire ciyawa ƙaruwa yake yi. Masu goyon bayan tsarin suna amsawa da cewa inda ya gaza, rabinsa aka yi aka bar rabi. Idan aka lura, ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya: ba tare da rufi ba, barin huɗa ba ya kai ko'ina. Gardamarsu a kan ko manomi zai iya samun rufin ne.

## Kebbi ba ƙasa ɗaya ba ce

A jigawar arewa, wajen Kangiwa, Kamba da Augie, ƙasa yashi ce, ba ta buƙatar sassautawa. Abokin gabarta iska ce, wadda ke zuwa gaban hadari ta kwashe yashi ta binne tsiro ko ta yayyanka shi. Binciken cibiyar nazarin amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, a irin wannan ƙasa aka yi shi. Shimfiɗa karan gero tan 2 a hekta ya rage yashin da iska ke kwasa da kusan rabi, yana kama ƙurar hunturu mai ɗauke da abincin shuka, kuma gero ya ƙaru. A nan ba garma ce matsalar ba tun farko, rufi ne babu.

A kudu, wajen Zuru, Yauri da Danko-Wasagu, ruwa ya fi yawa, ƙasa ta fi nauyi, kunya kuma tana da dalilinta. Tana ɗaga saiwa daga ruwan marka, tana tara ƙasar sama wuri ɗaya, tana sauƙaƙa cirar gyaɗa. Wanda ya rushe kunya ya shuka a shimfiɗe a gonar da ruwa ke kwanciya zai iya yin asara. Akwai hanyar tsakiya da ta fi dacewa a nan: a bar tsohuwar kunya a inda take, a shuka a kanta kowace shekara, a gyara ta kawai, a zuba kara a kwarinta. A gangare kuma zaizaya ce ke cin gona, can ne rufi ya fi saurin nuna amfaninsa.

Fadamar gulbin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har Suru, wata duniya ce. Laka ce mai nauyi, kuma mai dashen shinkafa yana kwaɓa ta ne da gangan don ta riƙe ruwa ta danne ciyawa. Tun ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015 noman rani ya ƙara faɗaɗa, filaye da yawa ba sa hutawa. Abin da ya fi kusa da wannan yanayi shi ne arewacin Indiya da Pakistan, inda ake shuka alkama kai tsaye bayan yanke shinkafa ba tare da huɗa ba. Ribar da suka samu ta lokaci ce da mai: alkama ta shiga ƙasa da wuri ta ci sanyi, an kuma rage zirga-zirgar tarakta. Alkamar Kebbi ma da sanyin hunturu take yi, jinkirin shuka yana rage ta. Sai dai wannan aiki na'urar shuka ta musamman yake buƙata, wadda sai ƙungiyar manoma ko mai bayar da haya zai iya mallaka.

## Karan na wa ne?

Nan ne maganar ta fi nauyi. A Kebbi kara dukiya ce. Da shi ake darni, da shi ake rumfa da gado, da shi mata ke girki inda itace ya yi tsada, shi ne abincin shanu da tumaki daga kaka har saukar ruwa. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa kuɗi ce a hannu, ana ɗaure ta a ɗora kan rufi ko bishiya a jira bazara farashi ya hau. Mai kiwon ragon layya ba zai bar harawa ta ruɓe a gona don ƙasa ta gyaru nan da shekara biyar ba, kuma lissafinsa ba na wauta ba ne.

Ko manomi ya yi niyyar bari, al'adar sakin dabbobi bayan kaka tana nan. Tsohuwar fahimta ce tsakanin manomi da makiyayi: shanu su ci kara su bar kashi. Wanda ya ce ba za a shiga gonarsa ba ya taɓo abin da ya shafi gari gaba ɗaya, a yankin da rikicin gona da kiwo ya riga ya yi zafi. Irin wannan ba ya yiwuwa sai da hakimi, mai gari da arɗo sun zauna an yi matsaya, misali a ware yankin da za a bar wa kara da wanda za a saki.

Hanyoyin da suka fi yiwuwa su ne waɗanda ke ƙara yawan abin rufi maimakon raba ɗan abin da ke akwai. A yanke kara daga gwiwa a kwashe sama mai ganye, a bar gindin a tsaye ya tare iska. A bar sabara da kalgo su tofo a gona, a sassabe su gab da shuka a shimfiɗa ganyen maimakon toyi, tunda dabbobi ba su cika damuwa da su ba. A raini gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ba ya yi wa shuka inuwa. Wannan shi ne aikin da ya faro a yankin Maraɗi a 1983, wanda ya dawo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Taki ma yana cikin lissafi: gonar da ta samu taki ita ke ba da karan da zai ishi dabba har a bar wa ƙasa.

## Ciyawa da feshi

In an ajiye garma, ciyawa sai ta sauya salo. Masu fitowa daga iri sukan ragu a hankali idan rufi ya yi kauri, amma masu yaɗuwa ta saiwa irin kiri-kiri, tofa da aya-aya sukan samu sarari. Ƙuduji kuwa gajiyayyar ƙasa yake bi, maganinsa sauya dawa da wake ko waken suya da ƙara taki, ba huɗa ko rashinta ba.

Dogaro da magani ɗaya shekara da shekaru yana haifar da ciyawar da ba ta jin sa. An fara ganin haka ga gilayifoset a Ostireliya a 1996, daga baya ya zama babbar matsala a gonakin auduga da waken suya na Amurka, har wasu suka koma huɗa. Ta fuskar lafiya, farakwat guba ce mai kisa ko da kaɗan aka haɗiya, kuma NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024. A kan gilayifoset hukumomi sun rabu: cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa yana jawo kansa, hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai ba su yarda da haka ba, Turai ma ta sabunta izininsa a 2023. Abin da ba gardama a kansa shi ne yadda ake feshin a ƙauyuka: yaro da tanki a baya yana yoyo, ba takalmi ba abin rufe hanci, a wanke tankin a bakin rafi, a mayar da jarkar ta zuba ruwa ko mai.

## Wa zai amfana, wa zai sha wuya?

Riba ta farko da manomi zai gani ba a rumbu take ba, a aljihu take da kuma lokaci. Ba kuɗin huɗa, ba jiran layin tarakta har ruwan shuka ya wuce. A gajeren damina, shuka da wuri kaɗai na iya rufe giɓin da barin huɗa ya kawo. A wuraren da rashin tsaro ya sa zama a gona mai nisa ya zama kasada, rage kwanakin aiki ma abin dubawa ne. Masu asara a nan su ne 'yan ƙwadago da masu garmar shanu ta haya, waɗanda huɗa da noman farko ne abincinsu na damina. Mata kuma, in aka hana kwasar kara, su za su nemo abin hura wuta a wani wuri.

Ga mai son gwadawa, abin da sakamakon binciken ke nunawa shi ne a fara da yanki ɗaya na gonar da ruwa ba ya kwanciya, a fasa taurin ƙasan in akwai shi kafin a daina huɗa, a ƙara ɗan naitirojin a shekarun farko a kuma binne shi kusa da shuka, a sa wake ko gyaɗa cikin juyi. Huɗa sau ɗaya bayan shekaru, don karya ciyawa mai saiwa ko cuɗa taki, ba ta rushe duk abin da aka tara.

Gyaruwar ƙasa kuwa ta mai iya jira ce. Wanda ke noma gonar gado, yana da 'yan dabbobin da ke ba shi taki da abin da zai ci in damina biyu sun zo da rauni, zai iya kaiwa shekarun da ribar ke fitowa. Mai gonar aro, haya ko jingina ba shi da tabbacin zai noma ta baɗi, kuma in ta gyaru mai ita na iya karɓe abarsa ko ya ƙara kuɗi. Shirye-shirye irin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa, wanda Bankin Duniya ya ba rancen dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wa'adinsu 'yan shekaru ne, bai kai tsawon lokacin da gwajin Michigan ya ɗauka kafin ribarsa ta tabbata ba.